Gobarar da Ba a Rubuta Ba: Abin da Takarda Ɗaya Za Ta Yi wa Ƙanƙara, Faskari da Sabuwa

Daga tsakiyar watan Nuwamba zuwa ƙarshen Fabrairu, ƙasar kudancin Katsina takan zama tamkar makamashin da aka tara aka jera. An gama kaka, masara da dawa sun shiga rumbu, auduga tana jibge a ɗakuna tana jiran masu saye daga Funtuwa, an jingina kara a bayan gida domin danni da girki, harawa tana kan rufin ɗaki. A daidai wannan lokaci ne iskar hunturu ke kaɗawa ta busar da duk abin da ta taɓa, sanyi kuma yana sa a shigar da kaskon garwashi cikin ɗaki. Arzikin shekara guda da abin da zai iya cinye shi cikin sa'a guda sukan kwana a wuri ɗaya.

Idan wuta ta tashi a wani ƙauye na Faskari ko Sabuwa, abin da ke biyo baya sananne ne. Maƙwabta su fito da bokitai da ƙasa da ɗanyen ganye, a rushe dannin da ke kusa domin a yanke mata hanya, a yi ta fama har ta mutu ko ta gama cin abin da za ta ci. Da safe a zo jaje, mai unguwa ya kai labari wurin dagaci, wani lokaci a tara gudunmawa a masallaci. Idan asarar ta yi yawa, labarin ya kai gidan rediyo, a ce an yi asarar dukiya ta miliyoyin naira, ba a kuma san musabbabin tashin wutar ba. Bayan mako biyu maganar ta wuce. Idan hunturu ya zagayo, irin wutar ta sake tashi a wani gida, ta hanya iri ɗaya, a sake yin mamaki.

Wannan maƙala tana kare wata magana da za a iya yi wa kallon ƙaramar bukata a yankin da ke fama da manyan matsaloli: kowace gobara a waɗannan ƙananan hukumomi uku ta cancanci a cike mata fom guda, iri ɗaya a ko'ina, mai tambayoyi iri ɗaya, ko motar kwana-kwana ta je wurin ko ba ta je ba.

Yadda takarda ta zama kayan kashe gobara

A 1973 wani kwamiti da gwamnatin Amurka ta kafa ya fitar da rahoto mai suna America Burning. Rahoton ya ƙiyasta cewa gobara tana kashe mutum 12,000 a ƙasar kowace shekara, ya kuma koka da cewa hukumomin kashe gobara na birane da ƙauyuka kowace tana rubuta abin da ta ga dama a yadda ta ga dama, ta yadda ba za a iya haɗa bayanan gari biyu a fitar da ma'ana ba. A 1974 majalisar ƙasar ta yi doka, a 1976 kuma aka fara gwada tsarin rahoton bai-ɗaya da aka sani da NFIRS a wasu jihohi kaɗan, kafin ya bazu. Ingila ta koma irin wannan tsari ta kwamfuta a 2009.

Abu na farko da ƙidaya ta tsanaki ta nuna shi ne cewa shi kansa adadin 12,000 ya wuce gaskiya. A 1977 an samu mutum sama da 7,000 ne. Ke nan ƙasa mai arziki irin Amurka ta yi shekaru tana tsara aikinta a kan adadin da ba daidai ba. Abu na biyu ya fi muhimmanci. Da dubban rahotanni suka taru a tsari ɗaya, sai aka fara ganin abin da jami'i ɗaya a gari ɗaya ba zai taɓa gani ba: cewa yawancin masu mutuwa a gidajensu suke mutuwa, da yawa cikin dare, cewa taba sigari da ta faɗa kan katifa ko kujera tana cikin manyan masu kisa, cewa ƙananan yara masu wasa da laita suna haddasa gobara mai yawa. Daga irin waɗannan bayanai aka tilasta wa masu ƙera laita, daga 1994, su yi ta yadda ƙaramin yaro ba zai iya kunna ta cikin sauƙi ba. A 2004 jihar New York ta fara tilasta sayar da sigari mai mutuwa da kanta idan an ajiye ta, sauran jihohi suka bi. A shekarun baya-bayan nan masu mutuwa a gobara a Amurka ba su kai 4,000 a shekara ba, alhali jama'ar ƙasar ta ƙaru ƙwarai. Dalilan raguwar suna da yawa, har da na'urar da ke ƙara idan ta ji hayaƙi, amma rubutaccen bayani ne ya nuna inda ya kamata a sa ƙarfi.

Darasin da ya dace da Ƙanƙara a nan ba na kwamfuta ba ne. Darasin shi ne cewa gobara ɗaya labari ce, gobara ɗari biyar da aka rubuta a tsari ɗaya kuwa ilimi ce.

Abin da ake ƙirgawa a Najeriya, da abin da ke zubewa

Aikin kwana-kwana a Najeriya ya faro ne a Legas a 1901 a matsayin wani sashe na 'yan sanda, dokar 1963 kuma ta kafa Hukumar Kashe Gobara ta Tarayya. Kowace jiha tana da tata hukumar, kuma su ne ke ɗauke da mafi yawan aikin yau da gobe. Wasu daga cikinsu suna fitar da alƙaluma. Hukumar Jihar Kano, alal misali, ta saba sanar da manema labarai a ƙarshen wata yawan kiran da ta amsa, rayukan da aka ceto da waɗanda aka rasa, da ƙiyasin dukiyar da ta ƙone. Wannan abin yabo ne, kuma ya sa jama'ar Kano sun san cewa 'yan kwana-kwana suna ciro mutane daga rijiya da kududdufi kamar yadda suke kashe wuta.

Sai dai irin waɗannan alƙaluma kira suke ƙirgawa, ba gobara ba. Wutar da ba a kira kowa a kanta ba, a wurin hukuma ba ta taɓa tashi ba. A birni tazarar da ke tsakanin abubuwan biyu ƙarama ce. A ƙauyukan da ke bakin dajin da ya haɗa Faskari da Ƙanƙara da Tsafe ta Zamfara, ko Sabuwa da Birnin Gwari ta Kaduna, tazarar ita ce kusan komai. Mutumin da ya san cewa kafin mota ta taso daga babban gari ta iso gidansa rumbu ya zama toka, ba zai ɓata kuɗin waya ba. A watan Satumba na 2021 ma an katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na Jihar Katsina saboda matsalar tsaro, ciki har da waɗannan uku, aka yi watanni a haka, har aka shiga farkon sanyi. Duk wutar da ta tashi a lokacin, babu wayar da za a kira da ita.

Daga nan ne wata muguwar da'ira ke ƙulluwa. Inda babu tashar kwana-kwana kusa, ba a kira. Inda ba a kira, babu rahoto. Inda babu rahoto, takarda tana nuna cewa babu gobara. Inda takarda ta nuna babu gobara, mai tsara kasafin kuɗi a Katsina ba shi da hujjar kai tasha ko mota ko tankin ruwa. Manyan gobara suna tsallake wannan da'ira domin girmansu yana yi musu shela. Kowa ya ji ta kasuwar Sabon Gari a Kano a watan Maris na 2016, da ta babbar kasuwar Sakkwato a Janairun 2021, da ta babbar kasuwar Katsina a Maris na wannan shekarar. Amma rumbu uku a nan, ɗaki biyu a can, jariri ɗaya a wani ƙauye, idan aka tara su na hunturu guda, babu mai iya cewa sun fi asarar kasuwa ko ba su kai ba, domin babu wanda ya taɓa tara su.

Abin da ya kamata fom ɗin ya ƙunsa

Fom mai amfani a wannan yanki bai kamata ya wuce shafi ɗaya ba, kuma da Hausa, da boko a gefe guda da ajami a ɗaya gefen. Yawancinsa akwatunan zaɓi ne da za a sa wa alama, domin idan aka bar kowa ya rubuta da kalmominsa, wani zai ce kasko, wani ya ce garwashi, wani ya ce jin ɗumi, mai haɗa lissafi ya ɗauke su abubuwa uku. Tambayoyin da ba za a rasa ba sun kasu kashi shida.

Na farko shi ne lokaci, kuma lokaci huɗu ne: sa'ad da aka fara ganin wutar, sa'ad da aka nemi taimako, sa'ad da taimakon ya iso, da sa'ad da aka kashe ta. Inda babu agogo, lokutan salla sun isa ma'auni. "Tsakanin isha'i da tsakar dare" bayani ne mai amfani. Tazarar da ke tsakanin na biyu da na uku ita ce za ta nuna inda ya kamata a ajiye mota. Idan ba a kira kowa ba, a sa alama a kan dalili: babu waya, babu lamba, hanya ba ta biyuwa, ko an san ba za a iso a kan lokaci ba. Wannan akwati kaɗai zai gaya wa hukuma abin da ba ta taɓa ji ba game da kanta.

Na biyu shi ne wuri: ƙaramar hukuma, gunduma, ƙauye, unguwa, da irin abin da ya ƙone, ko ɗakin kwana ne, ko rumbu, shago, makarantar allo, gona, mota ko daji. A nan a faɗi irin rufin da irin shingen, domin wuta a gidan jinka mai dannin kara da wuta a gidan kwano mai katangar ƙasa ba tafiya ɗaya suke yi ba.

Na uku shi ne wanda aka fi yin kuskure a kansa, wato musabbabi. Kalmar tana ɓoye tambayoyi huɗu da ya kamata a raba. A ina wutar ta fara? Me ya ba da zafin? Mene ne ya fara kamawa? Wane hali ne ya haɗa su? A ɗauki misalin ɗaki da ya ƙone da asuba. Rahoton da aka saba ji zai ce sakaci ne. Rahoto mai kyau zai ce: ta fara a ɗakin kwana, zafin daga maganin sauro na kunnawa, abin da ya fara kamawa gidan sauro ne ko gefen katifar soso, halin kuwa shi ne an ajiye shi a ƙasa kusa da gado kowa yana barci. Rahoto na farko ya ɗora laifi bai koyar da komai ba. Na biyu, idan ya maimaitu sau arba'in a gundumomi daban-daban, ya zama huɗubar Juma'a, ya zama sanarwar rediyo, ya zama aikin da za a ba maƙera na ƙera wani ɗan murfi da za a riƙa ɗora maganin a ciki. Jerin abubuwan da ke ba da zafi dole ya fito daga rayuwar wurin: kaskon garwashi, murhu, turaren wuta, aci-balbal, kyandir, hitar dafa ruwa, tukunyar gas, janareta, batirin sola da wayoyinsa, dawowar wutar lantarki da ƙarfi, tokar da aka zubar da sauran rai, wutar masu farautar gafiya, wutar sharar gona, da fetur da aka adana a jarka.

A cikin wannan kashi dole a bar akwatin "ba a gano ba", kuma a koya wa masu cikewa cewa sa masa alama ba abin kunya ba ne. Al'adar cewa "wutar lantarki ce" duk lokacin da aka rasa abin faɗa ta yi wa fahimtar gobara a Najeriya illa babba. Amsa ce mai daɗi domin ba ta zargin kowa a cikin gida, tana kuma rufe bincike nan take. Fom ɗin ya tambaya: akwai wuta a layin a lokacin? An ga wayar da ta narke a inda ta fara? Haka nan a raba abin da mai cikewa ya gani da idonsa da abin da aka gaya masa. Alƙaluman da kashi ɗaya bisa uku nasu ya ce ba a gano ba sun fi waɗanda aka cike su da zato amfani, domin aƙalla ba za su tura gwamnati ta yaƙi abin da ba shi ne matsalar ba.

Na huɗu shi ne yaɗuwa: ta tsaya a abin da ya fara kamawa, ko ta cinye ɗakin, ko gidan, ko ta tsallaka maƙwabta, kuma me ya ɗauke ta, me ya tsayar da ita. Idan ya bayyana cewa gidajen da rumbunsu ke nesa da murhu da 'yan taku kaɗan suna tsira da abincinsu, an samu shawarar da ba ta bukatar ko sisi daga gwamnati.

Na biyar shi ne mutane: shekaru, jinsi, inda aka same su, da abin da ya hana su fita. A Ƙauran Namoda, a watan Fabrairu na 2025, almajirai 17 suka mutu a gobarar dare a makarantarsu. A Maraɗi, a Nuwamban 2021, yara aƙalla 25 suka mutu a azuzuwan zana, watanni kaɗan bayan wasu 20 sun mutu a irin wannan yanayi a Yamai. A irin waɗannan masifu, tambayar yadda wuta ta tashi rabin magana ce. Ɗaya rabin shi ne ƙofa nawa ce, ta ina take buɗewa, mutum nawa ke ciki. A yankin da tsoron hari ya sa ake kulle ƙofa da kwaɗo da sakata, ake kuma toshe tagogi da ƙarfe, wannan tambaya tana da nauyi na musamman. Sannan a bar gurbin komawa bayan wata guda, domin wanda ya ƙone yakan rasu a asibiti bayan kwanaki, an riga an rubuta shi cikin masu rauni.

Na shida shi ne dukiya, kuma a rubuta ta da sunanta kafin a rubuta ta da naira: buhun masara kaza, damin dawa kaza, awaki kaza, keken ɗinki ɗaya, babur ɗaya. Tun da aka janye tallafin mai a ƙarshen Mayun 2023, farashi ya yi ta sauyawa ta yadda miliyan ɗaya ta bana da ta shekara uku da suka wuce ba abu ɗaya suke saya ba. Buhu kuwa buhu ne. Ƙidaya da buhu tana kuma da shaidu, domin maƙwabci ya san girman rumbun maƙwabcinsa.

Wutar da aka cinna

Akwai abin da fom na Faskari ba zai iya tsallakewa ba. Shekaru da dama ke nan 'yan bindiga suna kai hari a wannan yanki; a Ƙanƙara ne aka kwashe ɗalibai sama da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya a Disamban 2020. Cikin abin da mahara ke yi akwai ƙona gidaje da rumbuna da motoci. Irin wannan wuta takan shiga lissafin jami'an tsaro a matsayin wani ɓangare na hari, inda abin da ake ƙirgawa shi ne waɗanda aka kashe da waɗanda aka sace. Rumbun da aka ƙona yakan faɗi tsakanin hukumomi biyu: ba aikin 'yan kwana-kwana ba ne domin ba a kira su ba, ba kuma babban abu ba ne a rahoton tsaro. Alhali shi ne zai sa iyali su bar ƙauyensu kafin damina, ko su ci irin shuka.

Saboda haka fom ɗin ya ƙunshi zaɓi uku a sarari: haɗari, ganganci, ba a gano ba, a ƙarƙashin ganganci kuma a bambanta wutar hari da ta rikicin gida ko na gona. Amma ya tsaya a nan. Kada ya tambayi sunan wanda ake zargi, kada ya ɗauki sunan wanda ya ba da labari. A wurin da zargin kai rahoto ga hukuma ke iya jawo wa mutum kisa, takardar da ta zama ta tuhuma ba za ta sami mai cike ta ba, wanda ya cike kuma an jefa shi cikin haɗari. Bincike da tuhuma aikin 'yan sanda ne. Aikin wannan takarda shi ne ƙidaya.

Haka zancen fetur. A 2021 gwamnatin jiha ta hana sayar da mai a jarka a matsayin matakin tsaro. Ko irin wannan mataki yana rage adana mai a gidaje, ko kuwa yana tura shi daga bakin titi zuwa ƙuryar ɗaki, tambaya ce da rahotannin gobara na shekara biyu za su iya amsawa, idan mai gida ya tabbata cewa faɗin gaskiya ba zai kai shi caji ofis ba. Hanyar Funtuwa zuwa Gusau, wadda ta ratsa Sheme da 'Yankara, tankokin mai suna bin ta dare da rana. Bayan abin da ya faru a Majiya ta Jigawa a Oktoban 2024, inda mutum sama da 150 suka mutu a wurin tankar da ta faɗi, ya kamata ko tankar da ta faɗi ba ta kama ba a cike mata fom, domin lanƙwasar da ta kayar da mota uku za ta kayar da ta huɗu.

Hujjojin masu ja

Za a ce: wanda ba shi da ruwa a tanki me zai yi da takarda? Maganar tana da ƙarfi. Takarda ba ta kashe wuta, kuma an sha ganin fom da aka ƙirƙiro domin a burge baƙi, ya ƙare a cikin kwali. Amsar ita ce kuɗin da ke akwai kaɗan ne, shi ya sa ba a da halin kashe shi a makance. Idan mota ɗaya za a iya saya wa ƙananan hukumomi uku, a ina za a ajiye ta? Idan yawancin asarar a ƙauyukan da mota ba za ta kai ba take, wataƙila kuɗin ya fi amfani a tankunan ruwa da horar da matasan unguwa. Ba tare da rubutu ba, mai babbar murya ne zai yanke wannan hukunci.

Za a ce mutane za su ƙara gishiri domin su sami tallafi. Za su yi, kamar yadda ake yi yanzu ba tare da wani ma'auni ba. Maganinsa shi ne a raba fom ɗin ƙidaya da takardar neman agaji daga hukumar ba da agajin gaggawa, a kuma bukaci sa hannun mutum biyu da ba 'yan gidan ba. Inda aka bi tsari ɗaya, talakan da ba shi da kowa a sakatariya shi ne ke cin riba, domin asararsa ta shiga layi ɗaya da ta mai hanya.

Za a ce gobara ƙaddara ce, tone-tone bayan ta wuce kuma ƙara wa mai asara ciwo ne. Babu mai musun ƙaddara. Amma ya zo a ingantattun hadisai cewa wani gida ya ƙone da mutanensa cikin dare a Madina, da aka ba Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, labari, sai ya umarci mutane su riƙa kashe wuta idan za su kwanta. An ji abin da ya faru, an gane sababi, an fitar da ƙa'ida domin saura. Hausawa ma sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mutum kuwa ba zai shafa ba sai ya ji labari. Abin da ke cikin wannan hujja na gaskiya shi ne batun kunya. Sau da yawa laifin gobarar gida a kan mace yake faɗawa, ko a kan yaro, wani lokaci har ya taɓa aure. Don haka ne fom ɗin zai tambayi abin da ya faru ba tare da ya tambayi wanda ya yi ba, kuma a bari sai an kwana biyu, hankali ya kwanta, kafin a zo da shi.

Wa zai cike, wa zai karanta

Ba sai an ƙirƙiro sabuwar hukuma ba, domin arewacin Najeriya ya riga ya yi irin wannan aiki ya kuma ci nasara. A yaƙi da cutar shan inna, kowace ƙaramar hukuma tana da jami'in sa ido kan cututtuka, a ƙarƙashinsa kuma akwai masu ba da labari a cikin al'umma: masu unguwanni, ungozoma, masu maganin gargajiya, masu ɗori. Duk yaron da ƙafarsa ta saki farat ɗaya, a kai rahoto a fom iri ɗaya. Mafi muhimmanci, ko ba a ga komai ba sai an aiko da rahoton cewa ba a gani ba, domin a bambanta wurin da babu cuta da wurin da babu mai dubawa. Da irin wannan naci aka kai ga ranar 25 ga Agusta, 2020, da aka tabbatar da kawar da cutar ta daji daga nahiyar Afirka.

Gobara ta fi shan inna sauƙin ganewa. Ba ta bukatar ɗakin gwaji. Mai unguwa ko malamin makaranta ko ma'aikacin ɗakin shan magani ya cike, dagaci ya tattara a ƙarshen wata, har da rahoton "babu", hakimi ya miƙa wa jami'i guda a sakatariyar ƙaramar hukuma, shi kuma ya aika wa hukumar kashe gobara ta jiha. Inda akwai waya, hoton takardar ta WhatsApp ya wadatar; inda babu, ranar kasuwa tana nan. Idan 'yan kwana-kwana sun halarci wutar, su cike fom ɗin nan dai, su ƙara nasu bayanin na ma'aikata da ruwa da kayan aiki a baya. Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa mazaɓa ɗaya ce a Majalisar Wakilai ta Tarayya, don haka gwajin hunturu guda a cikinsu abu ne da shugabannin ƙananan hukumomi uku da ɗan majalisa ɗaya za su iya ɗaukar nauyinsa da kuɗin da bai kai na taron siyasa guda ba.

Sharaɗi ɗaya ne zai raya tsarin ko ya kashe shi: abin da aka tara ya dawo wurin waɗanda suka bayar. Idan takardu suka yi ta tafiya Katsina ba a sake jin ɗuriyarsu ba, a wata na uku mai unguwa zai daina wahalar da kansa, kuma yana da gaskiya. Amma idan a farkon Nuwamba aka karanta a rediyo da masallatai da fadar hakimi cewa a hunturun bara an yi gobara kaza a gundumar nan, kaza daga kasko, kaza daga wutar daji, yara kaza suka rasu a ɗakunan da aka kulle ta waje, to mutane za su ga kansu a cikin lissafin, su kuma gyara abin da ke hannunsu tun kafin gwamnati ta motsa.

Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma saninsa yana tsayawa a bakin ƙofarsa. Magidancin da rumbunsa ya ƙone a Daudawa ya koyi wani abu da tsada, wanda ke Sabuwa kuma bai ji ba, sai ya biya irin kuɗin kafin ya koya. Fom ɗin gobara hanya ce ta ɗaukar darasin da wani ya riga ya biya a kai wa wanda bai biya ba tukuna. Kakar bana za ta shiga rumbu kamar kullum, iska kuma za ta taso a lokacinta. Abin da ya rage a hannun masu iko da sarakunan yankin shi ne ko wutar da za ta tashi a wannan hunturu za ta bar rubutu a bayanta, ko toka kaɗai.